Suna da Alama: Muhawarar Ƙananan Kuɗin Bitcoin

Gabatarwa

Kowane irin kuɗi yana da babba yana da ƙarami. Naira tana da kwabo, dalar Amurka tana da santi, sidi na Gana yana da fesuwa. Babban shi ne na kasafin gwamnati da lissafin attajirai, ƙaramin kuwa shi ne na cefane da canji da sadaka. A al'ada hukuma ce kan raɗa wa babba da ƙarami suna, ta zana musu alama, ta buga su a jikin takarda da ƙarfe, sa'an nan ta kafa doka a kansu. To, yaya ke nan idan aka sami kuɗin da ba shi da hukuma, ba shi da babban banki, kuma wanda ya ƙago shi ya ɓace ba a san ko wane ne ba? Wa zai raɗa wa ƙaraminsa suna, wa kuma zai zana masa alama?

Wannan ita ce matsalar da ta fuskanci masu mu'amala da Bitcoin tun 2010, kuma har yanzu ba su gama da ita ba. Maƙasudin wannan lacca shi ne a bayyana asalin matsalar, da sunayen da aka kawo, da hujjar kowane ɓangare, sa'an nan a gwada ta da abin da ya faru ga kuɗin ƙasar Hausa. Laccar ba ta shafi ko ya kamata a sayi irin wannan kuɗi ko kada a saya ba. Abin da za a nuna shi ne, sunan ƙaramin kuɗi a bakin masu ciniki yake tabbata, amma alamarsa sai ta bi ta hannun wata hukuma, ko da kuɗin ya yi da'awar ba ruwansa da hukuma.

Yadda Aka Gina Kuɗin

A ranar 31 ga Oktoba 2008 wani mai kiran kansa Satoshi Nakamoto ya fitar da wata gajeriyar takarda, inda ya bayyana tsarin kuɗin da mutane za su iya aika wa juna ta intanet ba tare da banki ya shiga tsakani ba. Ranar 3 ga Janairu 2009 tsarin ya fara aiki. Gininsa shi ne wani kundi na bai ɗaya wanda dubban kwamfutoci ke riƙe da kwafinsa, kuma a cikinsa ake rubuta kowace mu'amala. Duk wanda kwamfutarsa ta yi nasarar ƙara sabon shafi a kundin, ana ba shi ladar sababbin kuɗi. Da farko ladar Bitcoin 50 ce, kuma tana raguwa da rabi bayan kowane shafi 210,000: ta koma 25 a 2012, 12.5 a 2016, 6.25 a 2020, sa'an nan 3.125 a 2024. Ta haka jimillar kuɗin ba za ta wuce miliyan 21 ba.

Akwai wani abu a nan da ya kamata a riƙe, domin a kansa dukan muhawarar ta tsaya. A cikin kundin babu wani abu wai shi rabin Bitcoin ko rubu'insa. Manhajar tana ƙidaya ne da cikakkun lambobi, watau da wata 'yar ƙwaya wadda ba ta rabuwa, domin lissafin ɓangarori a kwamfuta yakan bar ɗan kuskure, kuma kuskure a lissafin kuɗi ba ya da kyau komai ƙanƙantarsa. Ƙwaya miliyan 100 ita aka haɗa aka kira Bitcoin ɗaya. Saboda haka idan mutum ya ga 0.5 a wayarsa, abin da ke rubuce a kundi shi ne 50,000,000. Ɗigon nan da ake gani manhajar waya ce ta sanya shi domin idon mai kallo. Idan aka ninka miliyan 21 sau miliyan 100, za a ga cewa ƙwayoyin da za a taɓa samu sun kusa tiriliyan 2,100. Nakamoto ya raɗa wa babban suna, amma ƙwayar da aka gina komai a kanta ya bar ta ba suna.

Dalilin da Ya Tayar da Muhawarar

Muddin kuɗin yana da araha, babu wanda ya damu. A ranar 22 ga Mayu 2010 wani mai suna Laszlo Hanyecz, a jihar Florida ta Amurka, ya ba da Bitcoin 10,000 aka kawo masa gurasar fiza guda biyu. A lokacin babban kansa bai kai santi ɗaya ba, balle a tsaya neman sunan ƙaraminsa. Amma a Fabrairu 2011 Bitcoin ɗaya ya yi kunnen doki da dala ɗaya, a Disamba 2017 ya kusa dala 20,000, a Disamba 2024 kuma ya haye dala 100,000.

A ɗauki wannan farashi na ƙarshe a yi misali da shi. Wanda ya sha shayin dala 3 zai biya 0.00003 na Bitcoin. Wannan lamba ba ta faɗuwa a baki sai da ƙyar, kuma ido ba ya saurin raba ta da 0.0003, alhali kuwa ta biyun ta ninka ta farkon sau goma. A banki idan akawu ya yi kuskuren sifiri ana iya komawa a gyara. A wannan tsari kuwa, da zarar mu'amala ta tabbata a kundi babu mai ikon mayar da ita, sai dai in wanda ya karɓa ya ga dama ya mayar. Ke nan batun suna ya wuce kwalliyar magana, ya zama batun tsare dukiya.

Akwai kuma dalili na biyu, wanda ya shafi halin ɗan Adam. Mutum ya fi son a ce ya mallaki abu cikakke bisa ga a ce ya mallaki gutsure. Da yawa sukan ji farashin Bitcoin ɗaya su ɗauka ya fi ƙarfinsu, ba su san ana sayen ɗan yanki ba, sai su karkata ga wasu kuɗaɗen kirifto da ake samun dubbai da 'yan daloli kaɗan, ba don sun auna ingancinsu ba sai don yawan lambar ya yi musu daɗi. Masu tallata Bitcoin sun lura da haka, shi ya sa wasunsu suka shiga muhawarar suna da niyyar ciniki.

Mafita ta Farko: Salon Ma'aunin Kimiyya

Mutanen farko da suka rungumi kuɗin galibinsu masana kwamfuta ne da injiniyoyi, saboda haka abin da ya fara zo musu shi ne salon da ake bi a awon mita da giram. Kamar yadda milimita take ɗaya bisa dubu na mita, sai aka ce milibitcoin, ana rubuta shi mBTC, shi ne ɗaya bisa dubu na Bitcoin, watau ƙwaya 100,000. Maikurobitcoin kuwa, ana rubuta shi µBTC, shi ne ɗaya bisa miliyan, watau ƙwaya 100.

Wannan salo yana da tsari, kuma duk wanda ya yi kimiyya a sakandare zai gane shi. Sai dai sunayen suna da tsawo, suna kama da juna a kunne, kuma harafin µ na Girkanci babu shi a yawancin madannan rubutu. Daɗin daɗawa, ƙaramin m yana nufin ɗaya bisa dubu, babban M kuwa a wannan salo yana nufin miliyan. Ma'aunin da bambancin ƙaramin baƙi da babba zai iya juya ma'anarsa haka ya dace da ɗakin gwaji, amma bai dace da teburin mai shayi ba.

Mafita ta Biyu: Bit

A 2014 wasu kamfanonin biyan kuɗi, ciki har da BitPay, suka goyi bayan a kira ɗaya bisa miliyan na Bitcoin da gajeren suna, watau bit. A Disamba 2017 wani masanin manhaja, Jimmy Song, ya rubuta wannan shawara a cikin jerin takardun shawarwarin gyaran Bitcoin da ake kira BIP, aka ba ta lamba 176. Ya kamata a sani cewa ba wa takarda lamba a wannan jeri ba ya nufin an amince da ita, yana nufin an ajiye ta ne a inda kowa zai gani ya yi sharhi.

Hujjar masu bit tana da ƙarfi. Bit ɗaya ƙwaya 100 ne, daidai da yadda naira ɗaya take kwabo 100. Saboda haka za a rubuta farashi da gurbi biyu kacal bayan ɗigo, kamar yadda kowa ya saba, kuma litattafan akanta da manhajojin ofis da aka tsara domin dala da naira za su ɗauke shi ba tare da gyara ba. Bugu da ƙari, kalmar tsohuwar kalmar kuɗi ce a Turancin Amurka, inda bit biyu ke nufin santi 25, tun zamanin da ake raba dalar azurfa ta Sifen gida takwas.

Masu suka kuwa sun ce kalmar ta riga ta sami aiki a ilmin kwamfuta, inda take nufin mafi ƙanƙantar ma'aunin bayani, kuma tana kama da sunan Bitcoin kansa har mai saurare ya iya ɗaukar ɗaya a madadin ɗaya. Amma abin da ya fi cutar da bit shi ne tafiyar farashi. A lokacin da aka kawo shi, Bitcoin yana ɗaruruwan daloli ne, bit ɗaya bai kai ko kusa da santi ba, sai ya zamana ya yi wa ciniki ƙanƙanta. Da farashi ya hau, wani sunan ya riga ya kama bakin mutane.

Mafita ta Uku: Satoshi

Wannan suna ba kamfani ne ya kawo shi ba, ba kuma kwamiti ba. A ƙarshen 2010 wani daga cikin masu amfani da kuɗin ya ba da shawarar a kira ɗaya bisa ɗari na Bitcoin satoshi, domin girmama maƙagin. A 2011 aka karkatar da sunan zuwa ƙwayar ƙarshe, watau ɗaya bisa miliyan 100, kuma a nan ya zauna. Daga baya aka gajarta shi zuwa sat.

Abubuwa biyu ne suka ƙarfafa shi. Na farko, ladar da ake biya domin a shigar da mu'amala cikin kundi da satoshi ake auna ta, gwargwadon girman bayanin mu'amalar, saboda haka duk mai aika kuɗi yakan ci karo da sunan. Na biyu, tsarin Lightning, wanda Joseph Poon da Thaddeus Dryja suka bayyana a 2015 domin saurin biyan ƙananan kuɗi a gefen babban kundi, ya sa aika satoshi ɗari ko dubu ya zama abin yau da kullum. Shi wannan tsari ma yana lissafi da ɗaya bisa dubu na satoshi a tsakanin masu amfani da shi, ko da yake babban kundi ba ya rubuta abin da ya gaza ƙwaya ɗaya.

A farashin dala 100,000, dala ɗaya satoshi 1,000 ce, shayin dala 3 kuma satoshi 3,000 ne. Lambar cikakkiya ce, ba ɗigo, kuma tana faɗuwa a baki. Satoshi ɗaya ya zama ɗaya bisa goma na santi, watau matsayin da anini yake da shi a gaban kwabo a zamanin Turawa. Illarsa ita ce, baƙo ba zai ji sunan ya gane yana da dangantaka da Bitcoin ba sai an yi masa bayani, kuma manyan kuɗi sukan zama jerin sifirai, domin ɗaya bisa goma na Bitcoin satoshi 10,000,000 ne.

Mafita ta Huɗu: A Sauko da Babban Suna

A ƙarshen 2024 wani ɗan kasuwar manhaja, John Carvalho, ya kawo shawarar da ta fi kowace tayar da ƙura, wadda aka ba lamba 177 a 2025. Ya ce tun da kundin da ƙwaya yake ƙidaya, to ƙwayar ce ta cancanci sunan bitcoin. A daina cewa satoshi, a kawar da ɗigo, abin da ake kira Bitcoin ɗaya a da ya zama bitcoin miliyan 100. Ba a taɓa dokokin tsarin ba, ba a ƙara ko ƙwaya ɗaya ba, abin da ido ke gani ne kawai zai sāke. Jack Dorsey, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Twitter, ya nuna goyon bayansa ga wannan ra'ayi a 2025.

Masu adawa sun kafa hujja da cewa kalma ɗaya za ta ɗauki ma'ana biyu waɗanda tsakaninsu akwai ninki miliyan 100, kuma babu abin da mazambaci yake so kamar haka. Duk wata yarjejeniya ko wasiyya ko hukuncin kotu da aka rubuta da tsohuwar ma'ana sai an tsaya tantance wace ake nufi. Sun kuma ce maganar miliyan 21, wadda a kanta aka gina amincewar mutane cewa kuɗin yana da iyaka, za ta rikice a kunnen jama'a.

Tarihi yana da abin cewa a nan. A 1960 Faransa ta mai da tsofaffin faran 100 suka zama sabon faran ɗaya, amma mutane da yawa suka ci gaba da lissafi da tsohon har shekaru masu yawa. A Yuli 2007 Gana ta mai da tsofaffin sidi 10,000 suka zama sabon sidi ɗaya, kuma an daɗe a kasuwanni ana faɗin farashi da tsohon lissafi. Waɗannan ƙasashe suna da gwamnati da rediyo da makarantu da doka, duk da haka sāke ma'anar tsohon suna ya ba su wuya. Ina ga kuɗin da ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan?

Darasi Daga Ethereum

Ethereum, wanda ya fara aiki a 2015, ya bi wata hanya dabam. Masu tsara shi sun raba babban kuɗinsa zuwa gurbi 18 bayan ɗigo, kuma tun farko suka raɗa wa matakan sunayen magabata a fannin. Mafi ƙanƙanta suka kira wei, domin Wei Dai. Wani mataki suka kira szabo, domin Nick Szabo, wani kuma finney, domin Hal Finney, mutumin da Nakamoto ya fara aika wa Bitcoin a Janairu 2009. Da aka shiga aiki sai ya zamana ladar mu'amala ta fi sauƙin faɗa da wei biliyan ɗaya, wanda ake kira gwei. Shi ne ya rayu. Szabo da finney kuwa ba su sami masu kira ba, har aka cire su daga harshen manhaja na Solidity a 2020. Ke nan ko da an yi bikin suna tun ranar haihuwa, sunan da ya faɗa daidai girman abin da ake saye da sayarwa shi ne ke zama.

Batun Alama

Suna da baki ake yaɗa shi, amma alama sai an rubuta, kuma rubutun zamani yana hannun injin. Tambarin farko da Nakamoto ya zana tsabar zinariya ce mai haruffan BC. A 2010 ya mai da shi harafin B mai 'yan layuka biyu a sama da ƙasa. Amma zane dabam, harafin da za a iya bugawa dabam. Kafin harafi ya fito daidai a kowace kwamfuta da waya, sai ya sami gurbi a ma'aunin Unicode, wanda wata ƙungiya da aka kafa a California a 1991 take kula da shi. Duk wanda ya ga yadda masu buga tafireta suke ƙara wa ɓ da ɗ da ƙ lanƙwasa da alƙalami bayan sun gama bugu ya san wahalar harafin da injin bai san da shi ba.

Kafin a sami gurbin, wasu suka ari ฿, wadda alamar kuɗin baht ce ta ƙasar Tailan, abin da ka iya jawo ruɗani tsakanin kuɗi biyu. Wasu suka zaɓi Ƀ, watau B mai gicciye, wadda ba ita ce Ɓ ta Hausa ba. A 2015 Ken Shirriff ya gabatar wa ƙungiyar buƙata, aka amince, kuma a Yuni 2017 alamar ₿ ta fito a bugu na 10 na ma'aunin. Shekara bakwai ke nan tsakanin zane da harafi. A gwada wannan da Indiya, wadda ta yi gasa ta zaɓi alamar rufi ₹ a Yuli 2010, kuma kafin shekarar ta ƙare alamar ta shiga Unicode. Bambancin shi ne akwai gwamnatin da ta tsaya wa rufi.

Haka kuma batun taƙaitaccen suna mai baƙi uku. A ma'aunin duniya na ISO 4217, baƙaƙe biyun farko na ƙasa ne, na uku na kuɗin: NGN ga naira, USD ga dala. BTC ya saɓa wa wannan, domin BT na ƙasar Butan ne. Abin da ba na ƙasa ɗaya ba da X yake farawa, kamar XAU ga zinariya da XOF ga sefar da ake kashewa a Nijar. Saboda haka wasu kasuwanni suka ɗauki XBT. Ma'aunin bai karɓi ko ɗaya daga cikin biyun ba, jama'a kuwa BTC suka riƙe.

Shi kuwa satoshi, har zuwa 2025 ba shi da harafi nasa a Unicode. An kawo zane iri-iri: harafin Japananci シ, da hoton walƙiya, da layuka uku a kwance masu ɗan tsinke a sama da ƙasa, da S mai layi. Kowane yana da magoya baya, amma ƙungiyar ba ta ba da gurbi sai ta ga shaidar cewa ana amfani da alama sosai a rubutu, alama kuwa ba ta yaɗuwa sosai sai ana iya buga ta. Shi ya sa yawancin mutane suka tsaya ga rubuta sat da baƙaƙen boko, kamar yadda ake rubuta k a bayan adadin kwabo.

Abin da Kuɗin Ƙasar Hausa Ya Nuna

Wannan muhawara a Turance aka yi ta, galibi a Amurka da Turai, amma Bahaushe ya taɓa bin irin hanyar. Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce. A zamanin wuri, ƙwaya ɗaya ce ma'auni, ba ɗigo ba ɓangare, daidai da abin da shawara ta 177 take nema. Da Barth ya zo Kano a 1851 ya tarar ana canza dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500. Da lambobi suka yi yawa sai harshe ya nemi sunayen tari: zambar ga dubu, keso ga 20,000. Ke nan kuɗin da ya fara daga ƙarami dole ya ƙago sunan babba, kamar yadda wanda ya fara daga babba dole ya ƙago sunan ƙarami.

Da kuɗin Turawa suka zo, Bahaushe ya karɓi wasu sunayen ya gyara su daidai bakinsa: fam, sule, sisi, kwabo. Wasu kuwa ya raɗa nasa, kamar ɗari ga rabin kwabo, wanda ya tuna da lissafin wuri. Ranar 1 ga Janairu 1973 Nijeriya ta koma naira da kwabo, fam ɗaya ya zama naira 2, sule ɗaya ya zama kwabo 10. Doka ta kashe fam da sule da sisi, amma shekaru da yawa bayan haka ana jin sule ga kwabo 10, sisi ga kwabo 5, fam ga naira 2, jaka ga naira 200. A Nijar kuwa, abin da ke rubuce a takarda faran ne, amma a kasuwa da dala ake ciniki, watau faran 5, jaka kuma faran 1,000. Hukuma tana da sunanta, kasuwa tana da nata, kuma duka biyun suna tafiya tare.

Batun ya fara shafar ma'aikata a nan gida. A Fabrairu 2021 Babban Bankin Nijeriya ya hana bankuna hulɗa da masu cinikin kirifto, a Disamba 2023 ya janye hanin, a 2025 kuma sabuwar dokar zuba jari ta sanya irin waɗannan kadarori ƙarƙashin hukumar kula da hannayen jari. Saboda haka mai fassara a gidan rediyo, da tafinta a kotu, da jami'in haraji, duk za su buƙaci kalmar da za su faɗa.

Ta fuskar tsarin sauti, satoshi ya fi sauran dacewa da Hausa, domin gaɓoɓinsa uku kowace baƙi ce da wasali, kamar katako a sauƙin faɗa. Sat kuwa da baƙi ya ƙare, kuma Hausa takan ƙara wasali a ƙarshen irin waɗannan kalmomin aro. In an ƙara i an faɗa cikin sati, in an ƙara a an faɗa cikin sata, kuma babu kuɗin da zai so wannan suna na biyu. Jam'in Turanci mai s a ƙarshe ba a bukatarsa, tun da naira goma ake cewa, kwabo biyar ake cewa, saboda haka satoshi dubu uku ya wadatar.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da sharuɗɗa huɗu da sunan ƙaramin kuɗi yake bukata: ya zama gajere, ya bambanta da sauran sunaye a kunne, ya faɗa daidai girman cinikin yau da kullum, kuma ya rubutu da abin da ke hannun mutane. Milibitcoin ya gaza a na farko da na biyu, bit ya gaza a na biyu kuma farashi bai jira shi ba, shawara ta 177 ta cika na farko da na uku amma ta ba kalma ɗaya ma'ana biyu. Satoshi ne ya fi kusa da cika su, ko da yake har yanzu ba shi da alama, kuma in farashi ya sāke sosai sharaɗi na uku yana iya juya masa baya.

Hausawa sun ce suna linzami ne. Kafin muhawarar ta kwanta, abin da ya wajaba a kan duk mai rubuta takardar hukuma ko yarjejeniya ko labari shi ne ya faɗi sunan ma'aunin da yake nufi a fili, ya rubuta adadin da lamba da kuma kalmomi, sa'an nan ya nuna ƙwaya nawa ke cikinsa. Wannan shi ne abin da akawun kirki ya yi a 1973, lokacin da wani ya ce masa fam goma, ya tsaya ya tambaya ko naira ashirin ake nufi.